Noman Indiya da Jarrabawa: A Rage Hadda, a Bi Sawun Ruwa

Da zarar jarrabawa ta ƙarato, za ka ga 'yan'uwanmu ɗalibai da suka ɗauki kwas ɗin labarin ƙasa a matsayin zaɓi suna yawo da 'yar takarda a aljihu. Idan darasin ya biyo ta kan noman ƙasar Indiya, abin da ke cikin takardar bai wuce jeri biyu ba: sunan amfanin gona a hagu, sunan jiha a dama. Alkama, Uttar Pradesh. Shayi, Assam. Roba, Kerala. Haka za a yi ta biyawa har gari ya waye. A nawa ganin, wannan wahala ce mai ƙaramin lada. Indiya tana da jihohi 28, kuma kusan babu abin da ake nomawa a duniya da ba a nomawa a can. Wanda ya ce zai haddace duka, tambaya guda mai farawa da "me ya sa" ta isa ta kayar da shi. Amma wanda ya san daga ina ruwa ke zuwa wa manomin Indiya, kuma wa ke sayen abin da ya noma, to jerin nan shi zai riƙa zuwar masa da kansa.

Mu da muke nazarin harshe ma muna da wata sa'a da sauran ɗalibai ba su da ita, domin kalmomin da aka gina darasin a kansu ba baƙinmu ba ne. Iskar da ke kawo wa Indiya damina, wadda littattafai ke kira monsun, asalin sunanta kalmar Larabci ce, mausim, wato yanayi ko lokaci. Tana tasowa daga kudu maso yamma, ta sauka a gaɓar Kerala wajajen 1 ga Yuni, sannan ta yi ta hawa arewa. Tsakanin Yuni da Satumba take zubar da kusan kashi uku cikin huɗu na ruwan da ƙasar ke samu a shekara. Lokutan noma kuwa suna da sunaye uku: kharif da rabi da zaid. Su ma Larabci ne, sun shiga ta hanyar Farisanci, harshen mulki a zamanin sarakunan Mughal. Kharif na nufin kaka, rabi na nufin bazara (ita ce kalmar da muke ji a Rabi'ul Awwal), zaid kuma ƙari ko daɗi. A lura da kyau, sunayen biyu na farko lokacin girbi suke nunawa, ba lokacin shuka ba. Nan ne da yawa suke zamewa.

To idan an riƙe wannan, sauran lissafi ne. Amfanin kharif ana shuka shi da faɗuwar damina, a Yuni ko Yuli, a girbe daga Satumba zuwa Oktoba ko Nuwamba. Me ke son zafi da ruwa? Shinkafa da masara da gero da dawa da gyaɗa da auduga da waken soya. Duk wanda ya taɓa zama a ƙauye ya san wannan ba tare da ya buɗe littafi ba. Amfanin rabi kuwa ana shuka shi bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba zuwa Disamba, ya girma cikin sanyi, a girbe a Maris ko Afrilu. Alkama ce sarauniyarsa, sai sha'ir da mustad da wani irin wake da suke kira chana. Da yake ba damina, ban ruwa ake yi, sai kuma ɗan yayyafin hunturu da wata iska daga yamma ke kawowa arewa maso yammacin ƙasar. Shi ya sa alkama ta tattaru a Uttar Pradesh da Madhya Pradesh da Punjab da Haryana, inda ake sanyi na gaske, ba a Kerala ba. Zaid shi ne ɗan tsakanin nan na kafin damina, lokacin kankana da gurji da kayan lambu.

Bayan ruwa sai ƙasa. Filin da kogunan Indus da Ganga da Brahmaputra suka shimfiɗa a arewa ƙasa ce mai laushi da ambaliya ta yi ta tarawa, ita ke ɗaukar alkama da shinkafa da rake. A tudun Deccan kuwa akwai baƙar ƙasa mai danƙo da suke kira regur, wadda ta samo asali daga duwatsun aman wuta. Tana riƙe ruwa da damina, ta tsattsage da rani. Auduga tana sonta ƙwarai, don haka Gujarat da Maharashtra da Telangana ne gidan auduga. Wanda ya san ƙasar firki ta gabashin Borno, inda ake dasa masakwa bayan ruwa ya janye, ya riga ya san regur, domin dangi ɗaya ne. Su ma a Maharashtra suna noman dawar rani a kan laimar da baƙar ƙasar ta riƙe.

Tun da na ambaci dawa, bari in ɗan tsaya. Sunayen jowar da bajra da ragi suna tsorata ɗalibai, alhali dawa ce da gero da tamba. Kuma ba kama kawai suka yi ba: asalinsu daga Afirka ne. Gero a yankin Sahel na Afirka ta Yamma aka fara noma shi, ya isa Indiya fiye da shekaru dubu uku da suka wuce. A yau Rajasthan, jihar hamada, ita ce kan gaba a noman gero, kuma dalilin a fili yake. Cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT, wadda aka kafa kusa da Hyderabad a 1972, tana da tasha a Sadore ta Jamhuriyar Nijar da kuma ofis a Kano, saboda amfanin gonar da take bincike a kai iri ɗaya ne nan da can. Indiya ce kuma ta kai shawarar da ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

Yanzu ga inda hadda ke tsayawa cak. Punjab tana cikin manyan jihohin shinkafa a Indiya. Amma ruwan samanta bai kai abin da shinkafa ke bukata ba, kuma mutanenta gurasar alkama ce cimarsu ta gado. To me ya kai shinkafa can? Babu yadda za a amsa wannan sai an koma tarihi.

A 1965 da 1966 damina ta yi gardama shekara biyu a jere. Indiya ta koma dogaro da alkamar taimako daga Amurka, jirgi na sauke kaya ana rabawa. Shugabannin ƙasar suka ji abin ya taɓa mutuncinsu. Ministan noma na lokacin, C. Subramaniam, tare da masanin kimiyya M. S. Swaminathan, suka rungumi gajeren irin alkama da Norman Borlaug ya samar a Meziko. A 1966 aka shigo da tan 18,000 na wannan iri. A shekarar ce kuma cibiyar binciken shinkafa da ke Filifin ta fitar da irin IR8. Sirrin waɗannan iri shi ne gajarta: ko an loda musu taki ba sa kwanciya, ƙarfinsu na tafiya ga zangarniya. Amma suna da sharaɗi, sai da taki da ruwa a kan kari. Punjab da Haryana da yammacin Uttar Pradesh ne ke da magudanan ban ruwa, ga madatsar Bhakra a kan kogin Sutlej da aka kammala a 1963. Nan abin da ake kira Koren Juyi ya kafu. Alkamar da ƙasar ke samu ta tashi daga wajen tan miliyan 12 a tsakiyar shekarun 1960 zuwa tan miliyan 20 a 1970, kuma a kakar 2023 zuwa 2024 ta haura tan miliyan 110.

Yawancin ɗalibai a nan suke ajiye biro, su ce iri da taki da ruwa. Sun manta ƙafa ta huɗu, wadda ni nake ganin ita ce ta fi ɗaukar nauyi: farashi. A 1965 gwamnati ta kafa hukumar sayen hatsi, Food Corporation of India, da kuma hukumar da ke ba da shawara kan farashin amfanin gona. Tun daga lokacin, kafin manomi ya yi shuka ana sanar da shi mafi ƙarancin farashin da gwamnati za ta saya. A takarda wannan lamuni ya shafi amfanin gona iri 22, rake kuma yana da nasa tsarin. A aikace kuwa alkama da shinkafa aka fi saya, domin su ake rabawa talakawa. Dokar wadata ƙasa da abinci ta 2013 ta ba kusan mutum miliyan 800 haƙƙin karɓar kilo biyar na hatsi kowane wata. Ka sa kanka a matsayin manomin Punjab. Idan ka noma shinkafa, mai saye yana nan, farashi sananne. Idan ka noma wani abu, kai da kasuwa. Ruwan sama bai isa ba? Ga rijiyar burtsatse, ga wutar lantarki da jihar ta mayar kyauta ga manoma tun 1997. Wa zai ƙi? Shinkafa da damina, alkama da hunturu, shekara da shekaru.

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a yawancin gundumomin Punjab ya yi ta ja da baya, manoma na ƙara zurfin rijiya da ƙarfin inji. A 2009 jihar ta yi doka ta hana dasa shinkafa da wuri, sai damina ta kusa, don a rage zuƙar ruwa. Dokar ta yi amfani ta wannan fuska, amma ta haifi wata matsalar. Girbi ya koma baya, kwanakin da ke tsakanin kwashe shinkafa da shuka alkama suka taƙaita. Injin girbi yana barin tushiyoyi da kara a gona, hanya mafi sauri da araha kuwa ita ce ashana. Hayaƙin da ke taimakawa wajen turnuƙe birnin Delhi a ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba ke nan. Dubi yadda zaren ya taho tun daga farin 1965 har zuwa tarin da yaro ke yi a Delhi. Ɗalibin da ya iya jan wannan zare a shafi guda ya fi wanda ya jera jihohi ashirin.

Ba wai ina cewa Koren Juyi kuskure ba ne. Ƙasar da ta yi ta jiran jirgin taimako ta zama wadda ta fi kowa sayar da shinkafa a duniya, da kusan kashi 40 cikin 100 na cinikin a 2022. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da nake cewa shi ne amsar da ta tsaya kan yabo rabin amsa ce. Ƙidayar gonaki ta 2015 zuwa 2016 ta nuna matsakaicin girman gona a Indiya bai wuce hekta ɗaya da 'yan kai ba, kuma kashi 86 cikin 100 na masu gonaki ba su kai hekta biyu ba. Wani kwamitin gwamnati ƙarƙashin Shanta Kumar ya faɗa a 2015 cewa kashi 6 cikin 100 na manoma ne kawai ke sayar wa hukumomin gwamnati a kan farashin lamuni. Noma yana ɗauke da kusan rabin ma'aikatan ƙasar, amma abin da yake bayarwa a tattalin arzikinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Kuma da yake hankali ya karkata ga hatsi biyu, Indiya tana sayo fiye da rabin man girkinta daga waje, akasari manja daga Indunisiya da Malesiya, duk da gyaɗar Gujarat da mustad ɗin Rajasthan. Haka dangin wake: ita ta fi kowa nomawa, ita ta fi kowa ci, kuma sai ta ƙaro daga waje. Da gwamnati ta kawo sababbin dokokin noma guda uku a Satumban 2020, manoman Punjab da Haryana ne suka fi kowa tayar da jijiyar wuya, suka kafa sansani a ƙofofin Delhi shekara guda cur, har aka soke dokokin a Nuwamban 2021. Wanda ya fahimci abin da farashin lamuni yake nufi gare su ba zai tambayi me ya sa su ba.

Na san za a ce mini ai akwai tambayoyin zaɓi, inda ake son sunan jiha kawai, ba dogon bayani ba. Gaskiya ne, kuma ban ce a yar da jerin ba. Amma jerin yana tsufa. Shekaru da yawa littattafai suna cewa Bengal ta Yamma ce ta ɗaya a shinkafa, a 'yan shekarun nan kuwa Uttar Pradesh da Telangana sun shiga takara da ita. Telangana ma ba ta cikin duk littafin da aka buga kafin 2014, domin a shekarar ce aka cire ta daga Andhra Pradesh. Haka maganar fitar da kaya waje: Indiya ta hana fitar da alkama a Mayun 2022 bayan zafi ya ƙona amfani, ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba a Yulin 2023, ta ɗage hanin shinkafar a Satumban 2024. Don haka duk alƙaluman da za ka rubuta, ka haɗa su da shekararsu. Kuma wannan aiki ne na tun farkon zango, ba a fafe gora ranar tafiya.

Masana'antun da suka dogara da gona su ma tambaya guda ke buɗe su: idan an girbe abin, kwana nawa zai iya jira, kuma nawa ne nauyinsa ke raguwa in an sarrafa? Rake shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Da an sare shi zaƙinsa ke fara raguwa, dole a matse cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ne kawai ke zama sukari. Ba mai hankalin da zai ɗauki irin wannan kaya zuwa birni mai nisa, sai dai masana'anta ta bi gona. Shi ya sa suke warwatse a karkarar Uttar Pradesh da Maharashtra da Karnataka. Raken kudu ya fi zaƙi, lokacin matsarsa ya fi tsawo, kuma a Maharashtra manoma ne da kansu suka mallaki masana'antu da yawa ta ƙungiyoyin gama-kai, tun daga ta Pravaranagar da ta fara aiki wajajen 1950. Sai dai rake mashayin ruwa ne, ga shi ana noma shi a yankin da fari ke yawan ziyarta. A 2016 sai da aka riƙa kai wa garin Latur ruwan sha a jirgin ƙasa. Indiya ce ta biyu bayan Birazil a sukari, ban da mazarƙwailar da suke kira gur, da kuma man itanol da ake haɗawa da fetur. Ita kalmar sukari ɗin ma, in aka bi ta Larabci da Farisanci, a harshen Sanskrit za a tsaya.

Auduga akasin rake ce. Ba ta ruɓewa, ba ta rage nauyi sosai, don haka masaƙa tana iya zama inda akwai jari da tashar jirgin ruwa da kasuwa. Haka Bombai, wato Mumbai ta yau, ta samu masaƙarta ta farko a 1854, Ahmedabad ta biyo a 1861, yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 kuma ya sa Ingila ta juyo neman audugar Indiya. Masaƙun Mumbai sun durƙushe bayan dogon yajin aikin 1982, harkar ta ƙara bunƙasa a wurare irin su Coimbatore da Tiruppur a Tamil Nadu.

Jut kuwa sunansa ne kawai baƙo. Dangin lalo ne, ganyen miyar nan da Yarabawa ke kira ewedu, sai dai a can don zarensa ake noma shi, a bar shi ya yi tsawo. Ɗan'uwansa a aiki, wanda suke kira mesta, shi ne ramarmu. Yana son zafi da laima da ruwa mai yawa da za a jiƙa karansa kafin a saɓule zaren, don haka bakin kogunan Bengal ne wurinsa. An kafa masana'antarsa ta farko a Rishra kusa da Kalkata a 1855, sauran suka jeru a gaɓar kogin Hooghly. Da aka raba ƙasa a 1947, yawancin gonakin suka faɗa Pakistan ta Gabas, wato Bangaladash ta yau, masana'antun kuma suka tsaya a Indiya. Daga baya buhun leda ya zo ya ci kasuwa, har sai da aka yi doka a 1987 da ta tilasta zuba hatsi da wani kaso na sukari a buhun jut. Shayi ba ya bukatar dogon bayani: gangaren tudu mai ruwa da yawa wanda ba ya kwanciya, da hannaye masu yawa na tsinkar ganye, da masana'anta a cikin gonar saboda ɗanyen ganye ba ya jira. Assam ce ke ba da kusan rabi, sai Bengal ta Yamma mai Darjeeling, sai tsaunukan Nilgiri. Gahawa a Karnataka take da ƙarfi.

Akwai guda da ɗalibai kan tsallake saboda ba shuka ba ce, alhali darajarta a kasuwa ta fi ta shinkafa da alkama: madara. Babu abin da ya kai ta saurin lalacewa, kuma wannan rauni shi ya ba dillalai damar sayenta a wulaƙance a gundumar Kaira ta Gujarat. A 1946 manoman wurin, ƙarƙashin jagorancin Tribhuvandas Patel, suka kafa ƙungiyar gama-kai a garin Anand, wadda ta zama Amul. Wani injiniya, Verghese Kurien, ya zo ya riƙe mata harkar injuna da kasuwa. Tsarin bai da wuyar fahimta. Kowane ƙauye yana da wurin karɓar madara safe da yamma, a auna, a gwada yawan mai, a biya mai ita, ko da lita biyu ta kawo daga ɓauna guda. Ƙungiyar gunduma ta sanyaya ta sarrafa, ta jiha kuma ta kai birni ta sayar. A 1965 aka kafa hukumar bunƙasa madara ta ƙasa, a 1970 aka fara shirin Operation Flood don yaɗa tsarin Anand a sauran jihohi. Zuwa 1998 Indiya ta wuce Amurka ta zama ta ɗaya a duniya, kuma a 2022 zuwa 2023 ta samar da kimanin tan miliyan 230. Masu son finafinan Indiya a cikinmu, waɗanda na san ba kaɗan ba ne, su nemi Manthan na Shyam Benegal, wanda ya fito a 1976 a kan wannan labari. Manoma dubu ɗari biyar ne suka ɗauki nauyin shirya shi, kowannensu ya ba da rupi biyu.